Ranar da Iyakar Gona Ta Matsa a Gabanmu

Shekara tara na yi ina buga takardu a wani ƙaramin ofishin safiyo da ke Kankia kafin abin da zan ba da labarinshi ya faru. Ofishin ɗaki biyu ne da 'yar baranda. Mai shi, wanda muke kira Oga, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya ya ci gaba da auna ma mutane gonaki da filaye. Shi ke fita da kayan awo, ya dawo ya zana taswira a kwamfuta. Ni kuma in buga bayanin da ke ƙasanta, in fitar, in adana.

Adanawar nan ce ta fi ba mu wahala. Tsofaffin zanen da ya yi da hannu suna naɗe cikin kabad biyu na ƙarfe, gara ta riga ta taɓa wasu. Na kwamfuta kuma sun warwatse, wasu a tawa, wasu a tashi, wasu cikin filas, 'yan ƙananan ma'ajiyan nan da ake soka ma kwamfuta, huɗu ko biyar da muke zubawa a gwangwanin alawa. In mutum ya kira daga Kaduna yana son taswirar filinshi, sai in ɗauki hotonta da waya in tura mashi, ta isa a dusashe, lambobin ba su karantuwa. Wata rana na tura ma wani bawan Allah tsohon zane wanda an riga an gyara shi, ya miƙa ma magina, suka fara haƙa tushe inda bai kamata ba. Allah ya sa maƙwabcinshi ya tsayar da su da wuri. Oga bai yi mani faɗa ba. Duk da haka na kwana biyu ban ji daɗin abinci ba.

Oga yana da ƙanwa mai koyar da ilimin kwamfuta a wata makaranta cikin Katsina, mace mai 'ya'ya manya, ba ta da yawan magana. Da ta ji labarin, ta ce za ta zo ta duba. Ran wata Asabar cikin bazara ta iso da safe, da jaka a kafaɗa da kwali ɗaya a hannu. Na yi zaton wata babbar na'ura za ta fito da ita. Sai ta wuce kai tsaye bayan kabad, ta jawo tsohuwar kwamfutar tebur da muka daina aiki da ita, ta ce wannan ta isa.

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta kwance murfin da sukudireba. Tsaka biyu suka fito a guje. Ta goge cikin da buroshi, ta cire tsohon faifan ajiya, ta sa sababbi guda biyu daga cikin kwalin. Na tambaye ta dalilin biyu.

"Duk abin da aka rubuta a ɗaya, a take ake rubuta shi a ɗayan," in ji ta. "In ɗaya ya mutu, ɗan'uwanshi na nan. Amma kada ki dogara da wannan kaɗai. Ga na uku, na hannu. Duk Alhamis ki kwafe komai a kai, ki ba Yaya ya tafi da shi gida."

Ta ce daga yau sunan wannan kwamfutar saba. Ba a buga takarda da ita, ba a kallon komai a kanta, ko allo ba ta buƙata. Aikinta kawai ta riƙe takardun ofis duka a wuri ɗaya, ta miƙa ma wanda ya nema in yana da izini. Muka sa kafinta ya kafa mata katako a bango, sama da tsayin mutum, saboda ruwa kan shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa da damina. Malama, ƙanwar Oga, ta ja mata wuta daga batirin solar da ke ɗakin Oga, ta haɗa ta da 'yar na'urar intanet mai layin waya a ciki, ta ja waya ɗaya zuwa teburina, ɗaya zuwa nashi.

Bayan azahar ta ce in buɗe kwamfutata. Na ga wata sabuwar folda. Ta ce in rubuta duk abin da na ga dama in ajiye a ciki. Na rubuta sallama na ajiye. Daga ɗaya ɗakin na ji Oga ya amsa da ƙarfi, yana dariya. Na san wannan ba wani abu ba ne ga waɗanda suka saba, amma ni shekara tara ina tashi daga kujera in kai mashi filas. Na zauna ina kallon bangon da ke tsakaninmu.

Washegari ta yi aikin da ya fi ɗaure mani kai, wato yadda na waje zai shigo. Ta ce layin wayar da ke cikin na'urar intanet ba shi da tsayayyen adireshi, saboda haka wanda ke nesa ba zai iya nemo mu ba. Sai ta sa sabar ita da kanta ta riƙa kiran waje, ta shimfiɗa wata hanya ta sirri ta tsaya tana riƙe da ita. Duk wanda muka ba suna da kalmar sirri, ta nan zai biyo. Ta koya mani yadda zan buɗe ma kowane mai aiki foldarshi, yadda zan sa ya ga tashi kaɗai, ya iya dubawa amma ba zai iya gogewa ko canzawa ba. Sau uku ta sa na yi a gabanta. A na ukun ta juya baya tana shan ruwa, ba ta kalle ni ba.

Sannan ta ce in ɗauki wayata in tafi bakin tasha in gwada. Na taka cikin rana har wajen masu sayar da rake, na tsaya gindin wata darbejiya, na sa suna da kalmar sirri. Taswirar wani fili da ke Sukuntuni ta buɗe, sarai, har ƙananan lambobin da ke kusurwa. Na daɗe a tsaye. Mai raken ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau.

Kwana ɗaya da tafiyarta abin ya ƙi. Na koma gida bayan la'asar, na so in nuna ma maigidana, sai wayar ta yi ta juyi ba ta buɗe komai ba. Na kira Malama hankalina a tashe, ina tsoron ko ni na lalata. Ta ce in bari sai da safe in duba ko 'yar koriyar fitilar sabar na ci. Da safe na tarar a kashe. Ashe Oga ne. Ya saba tun yana gwamnati, in zai rufe ofis sai ya bi kowane makunni ya kashe. Da na faɗa mashi, ya cire hularshi ya shafa kai.

"Sakatare, wannan laifina ne," in ji shi. "Hannun ne ya riga ni."

Shi da kanshi ya yanko salatif ya liƙe makunnin.

Daga nan na shiga kwashe tsofaffin takardu da sikana, na'urar da ke ɗaukar hotonsu ta sa a kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, kusan wata guda. Ina cikin wannan aikin ne wani malami daga Bauranya ta ƙasar Kusada ya kawo mana nashi. Malamin Islamiyya ne, yana kuma noma. Mahaifinsu ya rasu ya bar gona babba, magada uku: shi, da ƙanensu direban babbar mota da ke Legas, da yayarsu da ke aure a Dudunni. Suna son a auna a raba kafin ruwa ya sauka, kowa ya shuka nashi. Oga ya je ya auna inda Malam ya nuna mashi, ya zana, ya ɗora zanen bisa hoton gonar da aka ɗauka daga sama, yadda za a ga itatuwa da hanya da jan layin iyaka. Na buɗe masu folda, na tura ma ƙanen nasu suna da kalmar sirri. Ya duba daga Legas ya ce ya yarda.

Saura yayar. Mijinta bai daɗe da rasuwa ba, tana cikin takaba, ba za ta fita ba sai damina ta yi nisa. Malam ya ce ba zai raba ƙasar ubansu ba sai ta gani da idonta. An kai mata zanen a takarda, ta ce idonta ba ya ganin waɗannan siraran layukan. Sai Oga ya ce in ɗauki kwamfutar tafi-da-gidanka ta ofis in je in nuna mata, tunda ni mace ce zan iya zama da ita a ɗaki. Maigidana ya ba ni izini.

Na hau motar haya zuwa Kusada da hantsi. Can na tarar da Malam da matarshi suna jira, muka ɗauki mashin biyu zuwa Dudunni. Gonaki duk an share, an tara taki tsibi-tsibi, hadari na ta haɗuwa gabas yana watsewa. Duk hanyar ina duba wayata, ina ganin sabis na raguwa. Na fara tunanin abin da zan ce in ya ƙi.

Mun same ta zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta, da carbi a hannu, tsohuwa siririya mai kaifin murya. Muka yi mata gaisuwa, aka kawo mana fura. Na buɗe kwamfutar, na haɗa ta da wayata. Cikin ɗaki babu sabis ko kaɗan. Matar Malam ta ɗauki wayar tana zagaya tsakar gida da ita, har ta samu sanda biyu na sabis a kan katangar da ke kusa da rumbu. Nan muka ɗora ta, muka jawo tabarmar kusa. Na sa sunansu da kalmar sirri. Hoton ya fara saukowa daga sama a hankali, kaɗan-kaɗan, har ya cika allon.

"Inna, ga gonarku," na ce.

Ta matso da fuskarta. Ta ce ba ta ga komai ba sai ƙasa da ɗigo-ɗigo. Na ce ɗigon nan itatuwa ne, daga sama ake kallonsu, kamar yadda shaho ke gani. Na ƙara girman hoton. Can sai ta ɗora yatsa a kan allon.

"Wagga hanyar rijiya ce," in ji ta. "Ga kukar nan. To ga tsamiyoyi biyu, nan muke aje abincin masu noma." Yatsanta na bin wuraren tana kiran sunansu, muryarta ta yi ƙasa. Malam ya ce mani daga baya ta fi shekara ashirin ba ta taka gonar ba, saboda ciwon ƙafa.

Ta ɗago ta dube ni. "Ɗiyata, yanzu ina takardar take?"

Na ce tana Kankia, cikin wata na'ura da ke kan katako a bangon ofishinmu.

"Ba cikin wannan take ba?"

Na ce a'a, wannan leƙawa kawai take yi.

"Kuma auta ya gani daga Ikko?"

Na ce ita ɗin dai ya gani, ba wata ba.

Ta jinjina kai, ta ce Allah mai iko, ta ja carbinta sau biyu ko uku. Ni ma da nake ba ta amsa, abin ya ba ni mamaki. Na san katakon nan, na san kafintan da ya kafa shi, na ga tsakar da ta fito daga cikin na'urar. Amma ga ni zaune a Dudunni, kaji na yawo gefena, ina kallon abin da ke cikinta.

Ta koma kan hoton. Ta ce in kai ta arewacin gonar. Na kai ta. Ta tambayi mi ne ne wannan jan zaren, na ce iyaka ce. Ta bi shi da yatsa har ya zagaye wata babbar ɗorawa, sai ta tsaya.

"Malam," ta kira ƙanenta, don haka take kiranshi, "wa ya sa ɗorawar nan cikin tamu?"

"Yaya, ai tun ina yaro muke noma wajen."

"Muna noma shi, amma ba namu ba ne. Aro ne. Shekarar da aka haife ka abinci ya yi mana ƙaranci, Baba ya roƙi maƙwabcinmu na arewa ya ara mashi daga ɗorawa zuwa tsohon layin gamba. Ni na kai masu ruwa ranar, ina tsaye suka yi maganar. Mai gonar ya rasu bai nema ba, Baba kuma tsufa ya ci shi bai mayar ba. Amma ya faɗa mani sau biyu."

Malam ya ƙura ma allon ido. Wurin da ake magana a kai ba ƙarami ba ne, kuma bisa rabon da aka tsara, a cikin kasonshi ya faɗo. Matarshi ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

"Kin tabbata, Yaya?" ya ce a hankali.

"Na tabbata. Ina cikin takaba, kabari nake tunani kullum. Ba ni son a tsare Baba a kan taki ashirin na ƙasa."

Ya ce to shi ke nan, ba ya buƙatar wata shaida. Ya juyo gare ni ya ce in kira Oga.

Na ɗauko wayar daga katanga na kira, na faɗa mashi abin da ake ciki. Oga ya ce ya tuna ɗorawar, ya ma ɗauki awonta, kuma ya ga wasu tsofaffin kututturan gamba a jere kudu da ita, ya ɗauka na banza ne. Ya ce in ba shi minti kaɗan zai ja layin wucin gadi, gobe ya je ya auna sosai. Na mayar da wayar kan katanga. Muka zauna muna jira. Aka kira sallar azahar a masallacin unguwa, Malam ya fita, mu ma muka yi tamu. Da ya dawo, saƙon Oga ya shigo cewa in sake buɗewa.

Na rufe na buɗe. Hoton ya sake saukowa kaɗan-kaɗan. Kuka na nan, tsamiyoyi na nan. Da ya iso arewa, jan layin ya bar inda yake ɗazu, ya sauko kudu, ɗorawar ta koma waje.

Inna ta sa yatsa a inda layin yake da, ta sa a inda yake yanzu. Ta dubi bayan kwamfutar, kamar mai neman hannun da ya ja shi.

"Daga Kankia ya matsar da shi?"

Na ce daga Kankia.

"Muna nan zaune," in ji ta.

Sai hawaye suka zubo mata, ta share da gefen mayafi. Malam ya cire tabarau yana gogewa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Wayar Malam ce ta katse mu. Ƙanensu ne daga Legas, ya ce ya tsaya cin abinci ya buɗe don ya nuna ma wani abokinshi gonarsu, sai ya ga layi ya canza, mi ya faru? Malam ya miƙa ma Inna wayar, ta yi mashi bayani da bakinta. Na ji shi yana cewa, "Yadda kika ce, Yaya, haka za a yi."

A hanyarmu ta komawa Kusada iska mai sanyi ta taso, ƙamshin ruwa na zuwa daga nesa, amma bai sauka ba sai bayan kwana huɗu. Cikin motar Kankia na rungume jakar kwamfutar a ƙirji. Na yi shekaru ina ganin aikina buga haruffa ne kawai da jera takardu. Ranar ce na fara ganin abin da ke cikin takardun.

Washegari Oga ya tafi Bauranya da kayan awo, ni ban bi shi ba, shi ya ba ni labarin. Malam ya kira mai unguwa, ya kira ɗan maƙwabcin nasu, wanda shi ma ya manyanta, furfura ta cika mashi gemu. Mutumin bai taɓa jin zancen aron ba. Da aka gaya mashi, ya ce a bar shi kawai, ya yafe, ai an daɗe. Malam ya ce ba zai yiwu ba, haƙƙin ba nashi kaɗai ba ne, yana da 'yan'uwa mata. Suka tono kututturan gamba, Oga ya auna, aka kafa duwatsu. Dattijon ya tsaya gindin ɗorawar ya yi ma iyayensu biyu addu'a, kowa ya shafa. Oga ya dawo ya gyara zanen na ƙarshe, aka sake rabo a kan abin da ya rage, su ukun suka duba daga inda suke, suka amince. Da ruwa ya sauka kowa ya shuka nashi, ɗan Inna ya noma mata nata.

Ran kasuwar da ta biyo baya sai ga dattijon nan a ofishinmu, ya jingine kekenshi a baranda. Ya ce yana son a auna tashi gonar duka, har da wurin da aka mayar mashi, a sa ta inda aka sa ta su Malam, don ƙannenshi mata da ke aure Kano da Funtuwa su gani. Oga ya sa mashi rana. Ni kuma na buɗe mashi folda, na ce ya zaɓi kalmar sirri wadda shi kaɗai zai sani. Ya yi ɗan tunani, ya faɗe ta da ƙarfi, a gaban mutum uku da ke jira kan benci. Na ce, "Baba, wannan ta riga ta fita, sai dai wata." Ya dubi mutanen, ya dube ni, ya yi murmushi. Sannan ya jawo kujera kusa da teburina, ya kare bakinshi da tafin hannu, ya raɗa mani sabuwa.